Kwandon Inabi a Miƙati

Jiya a wajen mai shayin unguwar Bani Malik na ji ɗayanku yana cewa aikin da na yi ba aiki ba ne, yawon shan iska ne ake biyan mutum. Wai ka kwashi mutane daga Jidda ranar Alhamis, ka hau da su Ɗa'ifa su sha sanyi su ci inabi, kai ma ka ci, Juma'a da yamma ka dawo. Ban tanka ba, don bakina da burodi. Da na koma ɗaki na ce bari in rubuta muku, tunda ku ba ku jin maganar tsoho sai kun gan ta a rubuce.

Sunana Hamisu, mutumin Tasawa. Na zo ƙasar nan da ƙarfina, na fara da dako a unguwar Bagdadiyya, har Allah Ya haɗa ni da Ammi Bakur. Bahaushe ne, amma a Jidda aka haife shi, kakansa ne ya zo hajji a ƙafa bai koma ba. Hausarsa rabi da rabi ce, in ya fara da namu ya ƙarasa da Larabci. Yana da doguwar mota mai jerin kujeru uku, yana kai iyalai hutu kan duwatsu, kuma idonsa ya fara rauni, yana neman wanda zai riƙe masa sitiyari.

Hawana na farko da shi a ƙaramar Sallah ne, a shekarun da take faɗowa daidai nunar inabi. Hanyar Hada, mai hawa Ɗa'ifa, a lokacin siririya ce, ta nannaɗe dutsen kamar rawani. A dama bango, a hagu sarari wanda ba ka ganin ƙarshensa. Hawan bai ba ni wuya ba. A saukowa ne na ɗora ƙafa kan birki na ƙi ɗagawa, har wani ƙauri ya fara shigowa ta taga. Ammi Bakur ya make min gwiwa.

"Ya waladi, ɗaga ƙafarka! A dutsen nan birki ba ya ceton kowa. Giya ce ke ceton rai, giya!"

Wata dattijuwa a baya ta saki carbinta. "Innalillahi! Giya, a ƙasa mai tsarki? Dama na ce yawan inabin nan ba banza ba. Ku sauke ni!"

Sai da muka tsaya ya kama sandar giyar motar ya girgiza mata, ya ce, "Wannan, ya Hajiya, wannan! Wallahi ba a sha." Ta ce ko ma wacce ce a canja mata suna. Har muka isa Arfa a gindin dutsen tana hararar sandar. Ni kuwa darasin ya zauna: ka sauko a ta biyu, inji ya riƙe ka, birki kuwa ka taɓa shi ka saki, kamar mai gwada zafin shayi.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma wanda ya bar ɗaya a gida zai gane kurensa. Jarkar ruwa biyu, ɗaya ta mota ɗaya ta alwala, kada ka haɗa su. Guntun katako na tare taya. Lemon tsami a yanke, saboda lanƙwasar hanya tana juya cikin mata da yara, wani lokaci har da manyan alhazai masu cewa su ba sa amai. Leda, saboda su. Barguna, don mutumin Jidda ba ya yarda akwai sanyi a duniya sai ya isa Shafa, can saman Ɗa'ifa, ya fara karkarwa cikin rigar shan iska. Sanda, saboda birai masu zama a gefen hanya, waɗanda in ka bar taga a buɗe za su shiga su zaɓi abin da suke so kamar sun biya. Sai madubin tsakiya. Ammi Bakur ya ce na gefe na hanya ne, na tsakiya na mutane ne. A cikinsa za ka ga wanda fuskarsa ta fara canjawa, da wadda ke son a tsaya amma kunya ta hana ta faɗa. Direban hutu ba tafiya yake sayarwa ba. Kowa ya iya tafiya. Sanin inda za a tsaya, da daɗewar da za a yi a wurin, shi ne sana'ar.

Ni na ƙara kaya ɗaya da Ammi Bakur bai koya min ba. Da littattafan soyayya suka fara zuwa daga Kano cikin jakunkunan mahajjata, na kamu da su. Direba rabin rayuwarsa jira ne, a gindin bishiyar rumman ko a bakin ruwa, to da su nake jira. Na karanta su har bangonsu ya yi laushi kamar tsumma. Sun sa na riƙa ganin kowace mota da na cika a matsayin labari wanda ba a rubuta ba tukuna.

Akwai wani iyali na Ɗa'ifa da nake saukowa da su duk hutu, don hanyar gaba da baya take ci. Na Jidda suna hawa neman sanyi, na dutse suna saukowa neman teku. Uban gidan manomin inabi ne, in ya iso bakin ruwa sai ya naɗe wando ya tsaya cikinsa har idon sawu, ya yi ta kallo, sannan a soya musu kifi su ci da shinkafa a kan tabarma. Kullum sai ya ce min, "Ku kuna da wannan duka, me kuke nema a wajenmu?" Ni kuma in na kai na Jidda lambunsa, su tsaya ƙarƙashin rumfar inabi, haske na ratsowa ta ganye yana sauka a fuskokinsu, sai su ce masa daidai abin da ya ce min. Wani ɗan Yamai da ya taɓa aiki a Faransa ya ce masa can da irin wannan lambu ake yin abin sha mai tsada. Tsohon ya ce shi nasa na ci ne, abin da ya rage a shanya, abin da ya yi tsami a zuba a salak, kuma bai taɓa jin wanda ya ci ya zagi uwarsa ba.

Mummunar shekara ita ce wadda aka rufe hanyar Hada don gyara. Ammi Bakur ya riga ya rasu, motar na hannuna da yardar 'ya'yansa. Sai an zagaya ta doguwar hanya, fili fetal, ba lanƙwasa, ba gajimare, ba birai. Mutane suka ce in ba za su ga gajimare a ƙarƙashin ƙafarsu ba, me za su je yi. Na koma ɗaukar kifi da ƙanƙara daga kasuwa zuwa gidajen abinci. Motar da ke ƙamshin ruwan wardi ta koma ƙarni. Na cire kujerun baya na jingine su a ɗaki na lulluɓe da bargo, duk Juma'a in kakkaɓe su. Abokan aikina da yawa sun sayar da nasu sun koma gida. Da aka buɗe hanya, sai da na yi ta wanke motar da lemon tsami da turaren wuta kafin mace ta yarda ta shiga.

Tafiyar da nake son ku ji ta zo ne can kusa da ajiye aikina, lokacin da ƙaramar Sallah ta zagayo ta sake faɗowa cikin nunar inabi. Wadda ta ɗauke ni Rakiya ce, mai waina a unguwar Nuzla. Mijinta ya rasu, ta gama takaba, kuma iƙamarta, wato takardar zaman ƙasa, a kansa take. Yayanta Alhaji Lawali ya zo umarar azumi daga Damagaram, ya ce ba zai bar ta ita kaɗai a ƙasar mutane ba, da ita zai koma. Ba mugu ba ne, gaskiyarsa ce. Ta ce to, amma ta yi shekara da shekaru a Jidda ba ta taɓa ganin Ɗa'ifa ba, a kai ta ta gani. Shirin shi ne mu kwana a Shafa, washegari su ɗauki harama a miƙatin da ke kan hanya, in sauke su a Makka. A inda zan sauke su akwai mutumin da ke jira ya karɓi fasfonta ya kai a buga mata fita ta ƙarshe. In an buga wannan, shi ke nan, ba dawowa.

Su huɗu ne. Ita, da Alhaji, da Goggo Hansatu maƙwabciyarta, tsohuwa mai baki kamar almakashi, sai Malam Iliya tela, wanda shagonsa ke kallon inda take suya. Wai an gayyace shi ne don ya taya ɗaukar kaya. Kayan kuwa fulas biyu ne da tabarma. Ya zo cikin sabuwar shadda ruwan sararin samaniya, aikin wuyanta shi ya yi da hannunsa, da ganinta ka san ba don ɗaukar fulas aka ɗinka ta ba. Mutum ne da ya ba hamsin baya, mai sanƙo, mai in'ina in ya ruɗe. A littattafaina ba a yin jarumi da irinsa. Amma tun kafin mu fita Nuzla madubin tsakiya ya gaya min komai.

Rakiya ta roƙi mu fara biyawa ta bakin teku. Safiya ce, ruwan ya kwanta lumui. Ta tsaya nesa da mu, iska na kaɗa mayafinta, ta daɗe. Goggo ta ce, "Ki gaishe shi da kyau, a Damagaram sai dai ki gaida rijiya." Malam Iliya ya matso kusa da ni yana murza hula.

"Malam Hamisu, a-akwai wata magana."

Na ce a raina, na san maganar, kuma ba ni ne mai ita ba. Na nuna masa Alhaji da haɓa. "Ga shi can shi kaɗai. Je ka." Ya dube ni, ya dubi Alhaji, ya je ya tsaya kusa da shi, suka yi hirar tsadar yadi.

Daga nan na shiga aikina. A saman Hada na tsaya inda gajimare ke ratsa hanya, na ja Goggo da Rakiya wajen masu rumman don mazan su keɓe. Muka dawo muka tarar suna gardamar ko biri yana da lada in ya yi sadaka. A lambun tsohon abokina manomin inabi na shimfiɗa musu tabarma a lungun da ya fi kowane kyau, nonnan inabi na reto a kansu, baƙi da fari, ruwa na gudu a ƙaramar kwata. In mutum bai yi maganar aure a wurin nan ba, ban san inda zai yi ba. Malam Iliya ya sake biyo ni har mota.

"Malam Hamisu, don Allah, maganar nan..."

"Malam Iliya, ba ni za ka gaya wa ba. Namiji ne kai. Buɗe baki kawai."

Ya koma. Abin da ya yi shi ne ya sayi kwandon inabi mafi girma a lambun, ya rungume shi, bai ba kowa ba. Goggo ta ce, "Tela, wannan na ci ne ko jinjiri ne? In jinjiri ne kawo in goya maka." Rakiya ba ta yi dariya ba. Ta tsinki ganyen inabi ɗaya ta ninke shi ta sa a bakin zane.

Washegari bayan hantsi muka isa masallacin miƙati. Ku da aka haifa a nan kun sani, amma saboda na gida zan faɗa: wanda ya shiga harama ba ya neman aure, ba a kuma nema a wajensa, sai ya sauke. Alhaji Lawali kuwa mutum ne mai kiyaye irin wannan. Kafin ya sauke, fasfo ya bar hannunsa. Suka shiga wanka. Malam Iliya ya fito cikin fararen tawul biyu, kafaɗunsa sirara, shaddar nan a ninke cikin leda. Tela guda, ba zare ɗaya ɗinkakke a jikinsa. Na ce shi ke nan, wannan littafin marubucinsa ya gaji.

Kowa ya shiga ya zauna. Alhaji a gaba kusa da ni. Na ce, "Alhaji, an ƙulla ke nan?"

Ya ce, "Tukuna. Mu yadda malamanmu suka koya mana, mahayi sai abin hawansa ya tashi da shi yake ƙulla niyya. Kana motsawa zan yi labbaika. Yalla, bismilla."

Makulli na hannuna. Sai na ji muryar Rakiya daga can baya, a hankali, kamar da kujera take magana.

"Baba Hamisu, ba a duba ruwan mota ne kafin gangara?"

Ana dubawa. Ban taɓa sauka dutsen nan ban duba ba, kuma na riga na duba suna wanka. Na ce, "Gaskiyarki, 'yata." Na fita na ɗaga murfin inji, na ce Malam Iliya ya zo ya riƙe min, ko da yake murfin yana da sandarsa.

A bayan murfin na ce masa, "Ka ji dai. Ina rufe wannan, ina murɗa makulli, ta tafi. Me kake jira tun jiya? Lambu na ba ka, gajimare na ba ka."

Idonsa ya kawo ruwa, kuma abin mamaki in'inar ta ɗauke. Ya ce, "Malam Hamisu, ni ɗan mutane ne. A garinmu wa ya taɓa zuwa gaban yayan mace ya nema wa kansa? Sai ya ce ba ni da asali. Babba ake turawa. Ubana ya rasu, baffannina suna Abeshe, ba ni da kowa a Jidda mai furfura. Tun bakin teku nake bin ka in ce ka zama ubana, kana kora ta."

Na tsaya da jarka a hannu. A littattafan da na karanta saurayi ne ke tsayawa ya zuba kalamai har shafi uku, ni kuma na zauna ina jiran tela ya yi haka. Ashe ni ake jira.

Na ce, "Goro fa? Ba a zuwa hannu sake."

Ya ce, "Shi ya sa na sayi inabin."

Na wanke hannuna da ruwan alwala, na gyara hula, na buɗe baya na ɗauko kwandon. Na zagayo tagar Alhaji na yi sallama kamar yanzu na iso daga wani gari. Ya dubi kwandon, ya dube ni, ya amsa sallamar cikakkiya, ya buɗe ƙofa ya sauko. Muka tsuguna a inuwar mota, shi cikin tawul, ni da baƙin mai a gefen riga, motocin masu umara na wucewa suna labbaika.

Na ce, "Alhaji, ɗana Iliya ne ya ga 'yar gidanku, ya turo ni. Tela ne, yana da shago, iƙamarsa lafiya lau, kafilinsa, mai tsaya masa a ƙasar nan, mutumin kirki ne, zai tsaya a kan takardunta. Ban taɓa jin an kawo ƙararsa ba, sai dai a ce ya makara da ɗinkin Sallah."

Alhaji ya ce, "Wannan halin duk tela ne." Ya tsinki ƙwayar inabi yana juya ta a yatsa. "Malam Hamisu, ni ba makaho ba ne. Tun da na sauka Nuzla nake ganin mutum yana sayen waina sau uku a yini, shi kaɗai. Na jira a turo min babba, ba a turo ba. Na ce to wasa ne, ni kuma ba zan bar ƙanwata a hannun wasa ba." Ya ɗaga murya. "Goggo Hansatu, tambayar min ita. Bazawara ce, bakinta za a ji."

Goggo ta leƙo ta taga. "In tambayi wa? Wadda ta ce a duba ruwan mota?"

"A dai tambaya."

Aka yi ƙus-ƙus a baya. Goggo ta sake leƙowa. "Ta ce duk abin da Yaya ya gani. Amma ta ce a gaya wa Yaya kaskon wainarta bai saba da itacen Damagaram ba."

Alhaji ya sa ƙwayar inabin a baki ya tauna. Ya ce, "Na karɓa. In mun sauke harama a ɗaura, kafin in tashi." Muka shafa fatiha. Ya laluba jakar da ke ɗaure a ƙugunsa ya ciro waya, ya kira mutumin Makka ya ce kada ya jira, fasfon ba zai zo ba. Sannan ya dubi gaban mota.

"Wani ya gaya wa angon ya saki murfin nan, hannunsa zai sage."

Muka koma muka zauna. Na ga Goggo a madubi ta kama hanci ta cika ƙirji da iska. Alhaji ya juyo da sauri.

"Goggo! A miƙati muke."

Ta saki hancin. Na murɗa makulli, na sa ta ɗaya, taya ta motsa, Alhaji ya ɗaga murya da labbaika, sauran suka amsa. Amma labbaikan da Goggo Hansatu ta riƙa yi tun daga saman dutsen har Arfa, ko birai sun san guɗa ce.